Kifin gwangwanin Saje Audu

Ni Janar ne mai ritaya, kuma da idona na ga wannan jiya a Lajawa.

Tsofaffin sojoji biyar ne zaune a zauren Saje Audu, inda suke haɗuwa duk shekara. Bana tsufa ya taɓa shi, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Fargabar kowa kada ya ɗauki abokansa baƙi.

Kofur Bulus, wanda ya taso tun daga Jos, ya matso ya kama hannunsa.

"Saje, ka gane ni?"

Saje bai gane shi ba. Sai Bulus ya zaro kifin gwangwani daga aljihu, ya buɗe, ya kama ci shi kaɗai.

Saje ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Bulus, har yanzu ba ka daina cinye rabona ba?"

Bulus ya miƙa masa gwangwanin yana share hawaye da hula.

Maganar Janar kuwa, a yafe min. Ni Habu ne, jikan Saje. Allo na sani, ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba. Amma kifin ni aka aika na sayo.

Ku fa, da me tsohon abokinku zai gane ku?