Sunan da Umma ba ta faɗa

Ni ɗan fari ne, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba. Ƙannena tana ƙwala musu kira har maƙwabta su ji, ni kuwa sai dai "kai", ko "Yayansu", in na ɓata mata rai kuma "wancan mai ƙafar yawon". Ga shi sunan surukinta aka raɗa mini, kunyar ta zama biyu. Mace ce da ta yi boko sosai, akanta ce, za ta yi musu da Bature a waya kan haraji ko gezau, amma wannan abu ɗaya ta zo da shi daga gida kuma ba ta yar ba.

Na bar makaranta da wuri. Ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Abba likita ne, ya yi faɗa har ya gaji ya koma kallona ta saman tabarau. Na yi wankin mota, na yi dakon kwalaye, na yi rabon abinci a keke a unguwar Fallowfield ta nan Manchester ina kai wa 'yan jami'a sa'o'ina. Sai wani sito na masu sari a unguwar Cheetham Hill suka ce za su ɗauke ni tuƙin motar kai kaya. Aikin gaske, kuma wanda aka ɗinka daidai ni: a biya ka don ka yi yawo. Manajan ya ce ran Litinin in zo da cikakkiyar takardar haihuwata, in ba haka ba akwai wani yana jira.

Muka birkice gida. Takardar da tsohon fasfona suna cikin wani kwali da ya yi ƙafa tun lokacin da muka taso daga Birmingham. Na ce ba komai, ai ƙasar Turawa ce, komai yana kwamfuta. Na tafi ofishin rajista na council ɗinmu, wato ƙaramar hukuma, a Manchester da ƙarfin gwiwata. Matar da ke kan tebur ta saurare ni tsaf, sannan ta ce kowace council haihuwar yankinta kawai take ajiyewa. Akwai babban ofishi na ƙasa mai kwafin kowa, ana nema ta intanet, amma ta gidan waya suke aikowa, kuma ba za ta yi mini alkawarin Litinin ba. Ta ce in ina sauri, in koma inda aka haife ni, wato Birmingham.

Da na gaya wa Umma, sai ta ce, "To, gobe da safe sai mu tafi."

"Umma, ni kaɗai ma zan iya."

"Kai? Da aka aika sayen madara aka tsince ka a Liverpool?"

"Sau ɗaya ne fa."

"Sau ɗayan ya ishe ni. Kuma ina son ganin Antinka ta Lozells."

A bas ta hana ni kujerar taga, wai ta riga ni zuwa duniya. Ta yi ta ba ni dabino kamar wanda za a yi wa allura.

A ofishin Birmingham na cike fom, muka biya na gaggawa, muka bi layi. Wanda muka samu wani dattijo ne mai sanƙo da fara'a. Ya danna kwamfuta ya yi dariya, ya ce masu sunana da aka haifa a garin a shekarar sun isa su haɗa ƙungiyar ƙwallo har da 'yan benci. Sai an bi ta sunan uwa kafin aure. Na riga na rubuta sunan kakana, mahaifin Umma, don a saninmu shi ne sunanta na biyu. Ya duba, ya ce babu.

Na hango motar nan wani yana tuƙa ta.

Umma ta leƙa fom ɗin ta yi tsaki. Ta ce ai a lokacin ba da sunan mahaifinta take amfani ba. A makarantar kwana sunan garinsu aka liƙa mata, kamar yadda ake yi wa yara da yawa, shi ya bi ta har fasfo. Ta faɗa masa, ta jera masa haruffan. Ya danna, ya ce, "Yauwa, ga shi." Sannan ya ɗago ya ce a tabbatar masa da cikakken sunan yaron.

Nan shaiɗan ya raɗa mini a kunne. Na ce masa da Turanci, "Tambayi mahaifiyata, ita ta yi rajistar." Na harɗe hannu ina jira. Shekara ashirin da wani abu ina jiran irin wannan rana.

Umma ta dube ni. Ta gyara mayafi. Ta juya wajen mutumin, da Turancinta na ofis mai sanyi ta ce, "Yana da baki." Ta ƙara da Hausa, ba ta ko kalle ni ba, "Ɗan nema, za mu koma gida."

Mutumin bai san me ake ciki ba, yana ta kallonmu. Ni na faɗi sunana da kaina kamar ɗan firamare. Ya ce mu dawo da la'asar mu karɓa.

Muka hau bas zuwa unguwar Lozells. Anti ƙawar Umma ce tun suna amare, gidansu na jikin namu lokacin da Abba ke karatu. Tana buɗe ƙofa ta rangaɗa sunana gaba ɗaya, har da na kakana na wajen uba, kamar tana rama wa Umma bashin shekaru. Ta zuba mana tuwon shinkafa da miyar kuka a ɗan falonta mai kallon titi. Ina ci ina kai ƙara.

"Anti, kin ga yau a gaban Bature Umma ta ƙi ni."

Anti ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ma ka so fitina. Ai ni na raka ta ranar da aka rubuta ka. Babanka yana asibiti ba dare ba rana. Muka naɗe ka cikin bargo kamar ƙunshin goro, dabararmu in an tambaya ni in faɗa."

"Ke dai ci tuwonki," in ji Umma.

"Tuwona ne, in na ga dama in bar shi. Muka shiga, matar ofishin ta ce a'a, ba ruwanta da ƙawa, daga bakin uwa za ta ji. Muka ce a rubuta mata a takarda, ta ce to, amma sai uwa ta karanta ta ji ko daidai ne. Uwarka ta yi zufa cikin sanyin nan. Can uwar taka ta ce mini, fita. Ni! Ta kore ni, ta tura ƙofa."

"Sai ta faɗa?"

"Ina na sani? Ina waje. Amma dai ta fito da takarda a hannu, kai kuma kana ta barcinka a ƙirjinta."

Na dubi Umma. Ta duƙufa tana tsince ƙashi daga miya kamar shi ne aikin da ya kawo ta Birmingham.

Da la'asar muka karɓo takardar, sabuwa fil da hatimi. Ga asibitin, ga aikin Abba an rubuta ɗalibi, abin da ya ba ni dariya, ga tsohon adireshinmu. A layin wanda ya kawo bayani an rubuta uwa, da sunan garin nan nata. Na daɗe ina kallon wajen. Ashe ina wurin. Kunnena ya ji, barci ne ya cuce ni.

A hanyar komawa ta miƙo hannu. "Kawo nan. In na bar maka, kafin Litinin tana Scotland." Wannan karon ta bar mini taga. Na jingina kai na lumshe ido, ba barci nake ba. Na ji ta buɗe ambulan a hankali. Ta gefen ido na ga tana bin layin sunana da yatsa, ta tsaya a kai, ta daɗe. Ko leɓenta ya motsa ko girgizar bas ce, ban rantse ba.

Ran Litinin ita ta kai ni har ƙofar siton a motarta, ta zaro takardar daga jaka ta ba ni. Ina fita ta sauke gilashi.

"Kai!"

Na juyo.

"In sun gama gani, ka dawo mini da abata."