Motar da Ta Yi Takaba

Ba zan taɓa manta ranar da na wanke motar mijin Gwaggona a Aliero ba, ko da zan wanke motoci dubu bayanta.

Mahaifina yana da wurin wankin mota a Jega. Tun ina ƙarama nake zama a gefensa da littafina, ina kallon yadda hoton sama yake sauka a jikin mota idan ya gama gogewa. A haka hannuna ya koyi aikin ba tare da na lura ba.

Da mijin Gwaggo ya rasu, motarsa mai launin shuɗi ta zauna ƙarƙashin darbejiya har Gwaggo ta fita takaba. Ta hana kowa taɓa ta. Wata huɗu da kwana goma belbelu suna kashi a kanta, itacen yana ɗigo mata danƙo. Dangi suka ce sai dai a sake fenti. Gwaggo ta ƙi, domin marigayin ne ya zaɓi launin da kansa, yana cewa irin na mayafinta ne ranar da ya fara ganinta. Ta aika a kira mahaifina ya wanke ta, shi kuwa yana Maiyama wajen mai ɗori, ya karye a kan babur. Sai ya ce in ɗauki jakar kayan aikinsa in tafi.

Na isa da azahar, na tarar da ƙanen marigayin, wanda muke kira Baffa, ya jiƙa omo a bokiti, yana riƙe da yankin buhun albasa. Da shi suke cuɗa komai a can, daga tukunya har ƙafa.

"Baffa, don Allah dakata! Zai kakkarce fentin."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ɗiyar boko, mi kika sani? Wagga dauɗa da waƙa za ki fidda ta?"

Ni mai kunya ce, amma na tsaya tsakaninsa da motar. Gwaggo ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, bar mata."

Muka tura motar cikin rumfa, domin ba a wanke ƙarfe yana zafi. Na jiƙa tsummoki masu laushi na shimfiɗa a kan kashin tsuntsayen, na bar su su jiƙu har suka saki da kansu. Na wanke ta da bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashi ya koma jikinta. Ta yi kyau a ido, har Baffa ya ce an gama. Na sa hannunsa cikin leda marar kauri, na ce ya shafa murfin injin.

"Kai! Kamar bayan kada," in ji shi.

Daga nan na fito da wata laka ta musamman mai kama da cingam, wadda take tsotse abin da ya maƙale a fenti. Ina fesa ruwan sabulu ina zamar da ita a hankali, taƙi ɗaya bayan taƙi ɗaya, ina naɗe ta idan ta yi baƙi. Kafaɗata ta yi tsami. Sai bayan la'asar na shafa man kariya, na jira ya bushe, na goge. Na watsa ruwa, ya dunƙule kamar duwatsun wuya ya gangare.

Tabo ɗaya ne ya ƙi fita, a saman ƙofar direba, inda kashin ya ci fentin. Na nuna wa Gwaggo. Ta daɗe tana kallon fuskarta a cikin shuɗin nan, sannan ta ɗora yatsa a kan tabon.

"Bar shi, ɗiyata. Ni ma ina da nawa."

Baffa ya tura buhun albasarsa ƙarƙashin benci da ƙafa, yana tsammanin ban gani ba. Da yamma shi ya samo tamfol ya rufe motar, nesa da itacen.

Har yau motar tana nan da launinta, kuma duk lokacin da na hango ta a hanyar Jega sai in bi ta da kallo. A ranar wankin nan na gane cewa sanyin halina, wanda nake ɗauka rauni ne, shi ne aikin yake bukata. Abin da mutum yake ƙauna, jiƙa shi ake yi a jira, ba a kankare shi.