Wa Zai Kai Mu Gada, Malam Isyaku?

Daga Allah muke, gare Shi kuma ake komar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, 15 ga Oktoba, 2024, bayan sallar azahar, Malam Isyaku na Sabon Garin Wudil, malamin Turanci mai ritaya, ya amsa kiran Mahaliccinsa yana da shekara sittin da takwas. Na so in yi maka makoki da kalmomi masu nauyin buhun gero, Malam, irin waɗanda na saba. Amma na gaji, kuma na san da ka tsawata mini.

Bayan ritaya ka buɗe aji a zaurenka domin magidantan da jarrabawar Turanci ta tare wa hanya. Duk garin nan ya san ka da abu guda: ba ka koyar da 'yar kalmar nan "over" a kan allo. Ranar Juma'a, kasuwa na ci, sai ka tasa mu a gaba zuwa gada, da faifai a hannunka. Ka sa mu tsallaka a ƙafa, kowa na faɗar jimlarsa. Ka roƙi mai nono ka rufe ƙwaryarta da faifan. Ka nuna shirwa tana shawagi a saman kogi. Ka sa mu ƙirga shanun da ake korawa kara, ka tambaya ko sun haura hamsin. Duk aikin kalmar ne, in ji ka, kuma sai mutum ya gani da idonsa take zama a kansa.

Ni kuwa Saifuddeen, shugaban masu balaga na unguwarmu bisa naɗin kaina, na ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci ga ilimi. Na ƙaurace wa gada, na haddace kalmomi masu gaɓa biyar daga ƙamus, na riƙa kwaikwayon tafiyarka a majalisa da murfin tukunya a hannu. Jarrabawa ta kayar da ni sau biyu. Da na dawo kaina a sunkuye, ba ka tayar da zancen murfin tukunya ba, alhali labari ya kai maka. Cewa kawai ka yi, "Shehun balaga, ɗauko faifan nan, rana na yi." Shekarar na ci.

Ranar sadakar uku, Halliru mai faci, ɗaya daga cikin ɗalibanka na bana, ya zauna kusa da ni. Shekararsa arba'in da ɗaya. Sau uku yana faɗuwa a jarrabawar, ya kuma rantse wannan ce ta ƙarshe: in ya ci ya shiga karatun kanikancin da ya daɗe yana buri, in ya faɗi ya haƙura. Ya ce, "Gobe fa Malam ya ce zai kai mu gada. Yanzu wa zai kai mu?" Na buɗe baki in yi masa jawabi a kan ƙaddara, sai ga 'yarka Sakina ta fito daga cikin gida da faifan. Ta ce, "Umma ta ce a ba mai murfin tukunya."

Washegari na kai su, Malam, su bakwai. Ban iya ba. Mai nono ta ƙi, shirwa ba ta zo ba, ni kuma na tsaya a bakin gada ina zuba muƙaddima har rana ta take. Halliru ya share gumi ya ce, "Saifuddeen, da Malam ne da tuni mun tsallaka." Sai muka tsallaka. A tsakiyar gada ya faɗi jimlarsa, daidai, ba gyara, sannan ya juya fuska ga kogi. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa ka tsallaka siraɗi cikin sauƙi. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Hajiya Lubabatu da Sakina da dukkan dangi, Allah ya ba su haƙurin rashi. Faifan yana wurina. Halliru zai zauna jarrabawa nan da mako uku. Duk wanda ya yi wa Malam addu'a, ya haɗa da shi.