Ranar da Idon Haliru Ya Ƙifta

Haliru makiyayi ne a wata ruga yamma da Shagari. Tun yana saurayi aka san shi da abu ɗaya: a filin sharo an tsula masa bulala bakwai, idonsa bai ƙifta ba. Da wannan suna ya auri Inno, da shi ya binne ta. A shekarar 1983 ciwon bushiya ya share masa garke, ya bar masa saniya biyu. 'Ya'yansa suka yi kudu. Sunan kaɗai bai tafi ba.

Sai ciwon ɓarin kai ya sa shi gaba. In ya taso, gefen dama ke sara, haske ya zame masa abokin gaba, sai ya shige bukka ya rufe fuska da rawani. Bai gaya wa kowa ba. Da ciwon ya kai wata takwas, ya hau mota zuwa Bodinga ranar Laraba, ranar da likita ke zuwa daga Sakkwato.

Likitan ya buga masa 'yar gudumar roba a gwiwa. Haliru ya ƙame ƙafa.

"Baffa, saki jiki mana. Ba faɗa muke ba."

Ya haska masa tocila, sannan ya murza auduga ta yi tsini, ya nufo idonsa da ita. Nan Haliru ya ɗauka jarumtarsa ake gwadawa. Ya dafe gwiwoyi, ya kafe ido a bango yadda ya yi a filin sharo.

Auduga na taɓawa, ido biyu suka rufe.

"Sake, likita," in ji Haliru. "Ban shirya ba."

Aka sake. Suka ƙara rufewa.

"Madalla!" in ji likita. "Haka nake so. Jijiyar da ta tashi daga ido zuwa gindin ƙwaƙwalwa lafiyarta lau. Da bai ƙifta ba, yau da ka kwana asibitin Sakkwato."

"Wanga abu, kowa haka shi kai?"

"Kowa, Baffa. Ba a iya hana shi."

Likita ya ce ciwon na gaskiya ne amma ba ya kisa, ya rubuta ƙwayoyi. A ɗakin magani aka ce sun ƙare tun bara.

Haliru ya ninke takardar ya sa cikin hula. Kafin la'asar ya isa ruga. Ya shayar da shanun, ya zauna gindin gawo, ya tsinko zare daga rawaninsa, ya kai shi ido a hankali.