Jirgin da Bara'u Ya Saya Wa Inaya

Duk mai hawa bas daga Small Heath zuwa tsakiyar Birmingham da safe, da wuya a ce bai taɓa ganin Bara'u Gimba ba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon direban nan mai furfura a gemu, wanda ba ya jan mota sai tsofaffi sun zauna, har na baya su fara tsaki. Mutumin Yauri ne. Ubansa masassaƙin jiragen ruwa ne a bakin kogin Kwara, kuma aikin farko da Bara'u ya koya a duniya shi ne liƙin jirgi. A bi jikin katako da yatsa, duk inda aka ji kafa a cusa tsumma, a bi da kwalta. Karatu ne ya kawo shi Ingila. Karatun bai kai inda aka so ba, sitiyari ya riƙe shi.

A nan ya auri Zinatu, ma'aikaciyar jinya, suka haifi 'ya ɗaya, Inaya, wadda yake kira uwata saboda tana kama da mahaifiyarsa. Ba wani abin kunya ne ya raba auren ba, gajiya ce. Yana fita aiki tana shigowa, har suka zama kamar 'yan haya a gida ɗaya. Zinatu ta samu aiki a Manchester, ta kama gida a Hulme, ta tafi da yarinyar. Tun daga nan Bara'u ya zama uban ranar hutu, mai zuwa da ledar tsire da tambayar yaya makaranta.

Inaya tana firamare aka kai su yawon buɗe ido wani tafki. A can ta ga wasan nan da jirgi mai gudu yake jan mutum da igiya, shi kuma yana tsaye a kan falankai biyu yana sulu a saman ruwa. Ta kira ubanta a waya, bakinta har rawa yake.

"Abba, Mum ta ce kai ɗan ruwa ne. Za ka iya ja na haka?"

"Zan ja ki, uwata," in ji shi.

Yara sukan roƙi abu su manta kafin la'asar. Bara'u ne bai manta ba. Ya ajiye maganar a ransa shekara da shekaru, yana cewa sai ta ƙara girma, sai an samu sarari. Ana nan Zinatu ta kira shi wata rana, ta gaya masa cikin ladabi cewa ta samu aiki a Kanada, za su tashi a ƙarshen hutun bazara, Inaya kuma a can za ta shiga jami'a. Bai yi gardama ba, don ba shi da abin da zai ajiye a madadin wannan. Ya ce Allah ya sa alheri, ya kashe waya. A makon ya sayi jirgin ruwa.

Na hannu ne, fari mai ratsin shuɗi da ya koɗe, injinsa a tsakiya cikin akwati. Mai sayarwa ya zaga da shi a ruwa, jirgin ya yi gudu lafiya lau. Bara'u ya ɗora shi a tirela, amalanken da ake ɗaura wa mota a baya, ya ja shi zuwa bayan garejin wani abokinsa a Sparkhill. Ruwan sama ake yi ranar, kamar kullum. Ya bi jikin jirgin da yatsa yadda ubansa ya koya masa, sai ya ji wani ɗan rami a gefe, ƙasa kaɗan da murfin tankin mai, mai bakin ƙarfe, bai fi kan ɗan yatsa ba. Ya girgiza kai yana mamakin sakacin Turawa, a ce mutum ya bar kafa a jikin jirgi. Ya matse gam a ciki, ya shafe da babban yatsa, ya koma gida da jin ya yi aiki.

Tafkin da suka zaɓa yana tsakanin garuruwan biyu. Dokar wurin ita ce ba a jan mutum sai da wani a jirgi yana kallon baya, don haka wata ma'aikaciyar tafkin mai suna Chloe ta zauna da su. Inaya, wadda yanzu ta kusa kai shi tsawo, ta shiga ruwa da rigar roba tana ƙorafin sanyi. Ta faɗi, ta sha ruwa, ta sake faɗuwa, tana dariya. Can sai ta miƙe. Bara'u ya waiga ya ga 'yarsa tsaye a kan ruwa, bakinta buɗe. A daidai nan injin ya yi tari, ƙarfinsa ya zube. Igiya ta saki, Inaya ta nutse a hankali har wuya, kamar gugar da ake saukarwa rijiya.

Suka jira, injin ya tashi. Aka sake gwadawa, ya sake shaƙewa.

Abin haushin shi ne a kan tirela injin nan ba shi da laifi. A sa masa tiyon ruwa a tayar da shi, sai ya yi ta kaɗawa kamar sabo. Bara'u ya canza filogi. Ya canza matatar mai. Ya zargi ruwa a cikin fetur, don a gida wannan ne babban abokin gaban inji, ya zuƙe tankin tas ya zuba sabo. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana goge tsatsa. Ya kai wa makaniki, makaniki ya saurara, ya ce shi bai ga komai ba. Ciwon ba ya fitowa sai a tsakiyar ruwa, sai an ɗan jima ana gudu, kuma mutum ɗaya ba zai riƙe sitiyari kansa kuma yana cikin inji ba.

Haka Inaya ta koma mai riƙe sitiyari. Kowace Asabar ta biyo jirgin ƙasa daga Manchester, ya ɗauke ta a tasha, su shiga ruwa. Falankan suna kwance a ƙasan jirgi, ba mai taɓa su. Ita tana tuƙi, shi yana durƙushe ya ba ta baya, kunnensa a jikin ƙarfe. In ta fara ba shi labarin ƙawayenta, ko tsoron da take ji na ƙasar da ba ta san kowa ba, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, uwata. Kin ji wannan ƙarar?"

Wata Asabar da injin ya mutu suna shawagi, ta naɗe hannu ta dube shi.

"Abba, can we just leave it? Mu je Stratford Road mu ci abinci, mu zauna kawai."

"Saura kaɗan. I think fuel pump ne."

"Last week ka ce coil ne."

"Na yi miki alkawari, Inaya."

"I was a kid, Abba. Wallahi ban ma tuna na ce ba. Kai nake zuwa gani, ba boat ba."

Ya ji ta sarai. Amma Bara'u irin mutanen nan ne da ba su iya zama da wanda suke so hannu wofi ba, sai da abin da za su miƙa. A ganinsa ya gaza a karatu, ya gaza a aure, wannan ɗaya ce ta rage da zai ce ya faɗa ya cika. Ya ce mata mako mai zuwa, in sha Allahu. Ta juya ta kalli ruwa. Ya sayi sabon famfon mai, ya ɗaura, injin ya shaƙe kamar yadda ya saba.

Asabar ta ƙarshe ba ta zo ba, ta ce haɗa kaya ya yi yawa. Sai a filin jirgin saman Manchester suka haɗu. Zinatu ta ce, "Abban Inaya, ka kula da kanka," ta matsa gefe ta ba su wuri. Inaya ta rungume shi ta daɗe, sannan ta ce da muryar kuka da dariya a haɗe, "You still smell of petrol." Ya so ya ce wani abu mai nauyi, abin da ya fito daga bakinsa shi ne ta riƙa sallah a kan lokaci.

Da ganye ya fara zuba ya yanke shawarar sayar da jirgin. Ya kai shi tafkin shi kaɗai, don ya iya gaya wa mai saye gaskiyar yadda yake yi. Ya yi gudu, injin ya mutu a tsakiyar ruwa. Ba abin da ya rage da bai taɓa ba, sai ya ce bari ya leƙa tankin da idonsa, ko allurar da ke nuna yawan mai ce take masa ƙarya. Murfin ya ƙi juyawa, ya sa ƙarfi. Da ya buɗe sai tankin ya ja iska da wata doguwar ƙara, kamar mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci.

Bara'u ya tsaya da murfin a hannu. Mai yana fita, iska ba ta shiga, dole famfo ya ja ya gaji. A kan tirela injin ba ya shan mai sosai, shi ya sa bai taɓa nunawa ba. To ta ina iskar take shiga da can? Ya leƙa gefen jirgin, ya ga gam ɗinsa, a shafe sumul, da shatin babban yatsansa a jiki.

Da makullin mota ya ƙwaƙule shi. Ya tayar da injin, ya tura. Jirgin ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa. Ya zaga tafkin, ya sake zagawa, yana jiran tarin nan, bai zo ba. Ya tsaya ya kira Inaya, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Can saƙo ya shigo, ta ce tana hanyar aji, za ta neme shi an jima.

Da ya nufo gaɓa, Chloe tana tsaye a kan dakalin katako tana tafa masa. Ta kama igiyar gaba ta ɗaure, ta ce tun daga ofis ta ji injin, bai taɓa daɗin ƙara haka ba. Ta ce ruwa a kwance yake yau, ba a samun irinsa, ita kuma ba ta da aiki yanzu, za ta iya zama ta kalli baya. Ta sunkuya ta ɗauko igiyar ja daga ƙasan jirgin, ta fara warwarewa, tana duban wajen motarsa.

"Ina take?" in ji ta. "Tana canza kaya ne?"

Bara'u ya karɓi igiyar daga hannunta, ya fara naɗewa.