Dattijon da ke jira a sake masa tayi

Yana tsaye a ɗakin jira na asibiti, ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji, hannunsa dafe da bango. Rigarsa ta sha guga. Da jin yadda yake jan gaisuwa na san mutumin yankinmu ne.

Wani saurayi ɗan gari ya miƙe daga benci. "Baba, zauna nan."

"Haba ɗana, yi zamanka. Ai tsayuwar ma magani ce."

"To," in ji saurayin, ya koma ya zauna, ya ci gaba da latsa waya.

Raina ya ɓaci, amma wa zan ga laifinsa? A nan in ka ce a'a, magana ta ƙare. A wajenmu kuwa mai kunya ba ya karɓa sai an nace masa, kuma ina jin dattijon nan bai taɓa karɓar tayin farko ba a rayuwarsa. Ga shi yanzu gumi na karyo masa, ƙafar mai lafiyar tana rawa, yana satar kallon saurayin.

Ni ma a tsaye nake. Ana kiran wata mata ta tashi, na riga kowa dafe wurin. "Baba zauna. Zauna mana. Don Allah ka zauna!"

Ya sauke ajiyar zuciya. "To ɗana, tunda ka matsa."