Kullum Alhamis Ce A Wurin Kakata

A gidanmu da ke Wambai kowa yana da Asabar da Lahadi da sauran ranaku yadda Allah ya tsara su, ban da Kakata. Ita satinta Alhamis ce daga farko har ƙarshe. Kuma tun tana budurwa, in ji ta, Alhamis ba ta taɓa wuce ta ba azumi ba.

Kaka mahaifiyar Babana ce. Daga Lambata aka ɗauko ta ta dawo wurinmu, bayan ciwon suga ya matsa mata. Da farko sugan ne kawai: ƙwaya da safe, a soki yatsa a ɗiga jini a 'yar na'ura, a hana ta rake, ta zage mu tas. Sai mantuwa ta lallaɓo. Ta tashi gida da neman carbi yana rataye a wuyanta. Ta gaida Madam, 'yar Kudun da ke haya a ɗakin ƙofar gida, ta juya, ta dawo ta sake gaishe ta, har Madam ta haddace gaisuwar Hausa kaf ba ta shiga aji ba. Duk wannan dariya muke sha. Da Alhamis ta shigo ne dariyar ta maƙale.

Ƙwayar Kaka ba ta son cikin da babu komai. Umma za ta kawo ta da ruwa, Kaka ta yi bisimilla ta haɗiye. Umma ta koma kicin ɗauko faten acca. Kafin ta dawo, Alhamis ta riga ta shiga ɗakin.

"Mayar da shi, 'yar nan. Azumi nake."

"Inna, ai yanzu kika sha ruwa."

"Ni? Ruwa? Da azumi a bakina? Ki ji tsoron Allah."

Umma suruka ce, ba ta ja-in-ja da uwar miji. Sai ta tsaya da kwano a hannu kamar an dasa ta.

Wata rana da hantsi muka ga zufa na keto wa Kaka, hannunta na karkarwa, maganarta na harɗewa. Madam ta rugo da lemon kwalba tana kiran sunan Yesu, Umma na salati, ni ina tsakiya da mafici ban san wanda zan taya ba. Da ƙyar Kaka ta kurɓa. A asibiti likita ya ce sugan ne ya faɗi ƙasa. Ni dai a nan kaina ya kulle: jiya an ce ya yi yawa, an hana ta ko kallon alewa, yau an ce ya yi kaɗan, ana ɗura mata lemo. Likitan bai yi dariya ba. Ya ce irin wannan faɗuwar tana iya ƙara mata mantuwa, kuma wata rana ana iya rasa ta. Ƙwaya da abinci dole su tafi tare.

Muka fara kawo su tare. Ta ƙi su tare. Sugan ya kama hawa har ya leƙa ƙololuwar dutsen Zuma.

Muka nuna mata kalanda, ta ce ta bara ce. Baba ya ɗauko limamin unguwa, ya yi mata bayani mai daɗi cewa Allah ya ɗauke wa marar lafiya. Ta ce wallahi gaskiya ne, ta sa masa albarka. Bai gama saka takalmi ba ta ce a kai wa baƙon abincin, ita tana azumi. Ran Lahadi na jawo ta bakin ƙofa na nuna mata Madam ta ci ado, ɗaurin ɗankwalinta ya kusa taɓa wayar lantarki.

"Kaka, ina Madam za ta?"

"Coci mana."

"To yau wace rana ke nan?"

Ta bi ta da kallo. "Ikon Allah. Ashe yanzu har Alhamis suke zuwa."

Baba kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ji maganarsa. Ga shi tun duku-duku yake fita kama motar Abuja kafin hanya ta cushe.

Ni aikina da ita tsokana ce, irin ta jika da kaka. Ina ce mata amarya, tana ce min miji marar gemu. Wata safiya ta ce za ta ci, ta haɗiye ƙwayar, da aka miƙa mata cokali sai ta tuna Alhamis ce. Umma ta yi lallashi har ta gaji. Na shigo da kayan makaranta, na ga hannun Kaka ya soma wannan karkarwar. Ban shirya komai ba, bakina ne kawai ya yi abin da ya saba. Na kumbura murya na ce, "Amarya, wa ya ba ki izinin azumi? Mace tana azumin nafila mijinta bai sani ba? Ni ban yarda ba."

Na jira a jefo min takalmi.

Sai Kaka ta jawo mayafi ta rufe kai, ta sunkuyar da ido. "Ka yi haƙuri, Malam. Ban san ka dawo ba."

Ta jawo kwanon ta cinye, har da suɗe cokali.

Na kalli Umma, Umma ta kalli rufin ɗaki. Malam kakana ne, kuma ya rasu tun ba a haife ni ba. Ko hotonsa ban yi kama da shi ba. Shi dogo ne, ni kuwa sai na yi ɗage nake kai sakatar sama.

Daga ranar na zama ma'aikaci. Ba na fita makaranta sai na hana azumi. Na fara tafiya ina gyaran murya a tsakar gida, har Madam ta koma ce min Oga. Sai dai muƙamin ya zo da kaya. Kaka ta riƙa tambayata ko an gyara dangar da awaki suka ture, ko yayarta ta aiko daga ƙauye. Yayar nan ma ta daɗe a ƙasa. Nakan ce an gyara, ta aiko, tana gaisuwa.

Wata Asabar Baba na gida, ya shigo gaishe ta, sai ta nuna min shi da baki.

"Malam, ka yi wa yaron nan faɗa. Kullum sai ya fice tun asuba, ba a san inda yake zuwa ba."

Baba ya durƙusa yana kallona. Wallahi shaiɗan ya kawo min jawabi mai tsawo, har da batun wayar da ya ƙwace min. Da na ga idon Baba sai na ce, "A yi masa afuwa, zai gyara." A waje na zaci zan sha mari. Hularsa kawai ya cire ya mayar, ya cire ya mayar.

Abin da ya hana ni sakat shi ne ban san wa take gani ba. Wani lokacin tana cewa Malam, sai in ga gefen bakinta ya motsa kamar mai ɓoye dariya. Na tambayi Umma ko wasa ne Kaka take taya ni. Ta ce in bar tone-tone, tunda tana ci.

Sai wata safiya na shiga, ga fate, ga ƙwaya a murfin kwano. Na buɗe baki ke nan ta ɗago ta kafe ni da ido, garau, irin kallonta na da.

"Kai, ja'iri. Ka ɗauka ban san ka ba? Mijina in zai shigo sai ya sunkuya a ƙofar nan. Kai ko tsalle ka yi ba ka taɓa ta."

Na ce a raina shi ke nan, asiri ya tonu, gobe sai asibiti. Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Kaka ba ta taɓa kwanon ba. Ni ma ban motsa ba. Ban san ko in ba ta haƙuri ba, ko in gudu.

Can ta ja tsaki. "To ka faɗa mana. Abincin yana hucewa."

"In faɗi me?"

"Abin da kake faɗa."

Muryar ta ƙi kumbura. Da 'yar muryata ta kullum na ce, "Amarya, ban yarda ki yi azumi ba."

Ta jawo mayafi, ta yi bisimilla, ta fara ci. Tana tsakiyar ci ta ce, "Malam, yau wace rana ce?"

Na yi kamar ina ɗaure igiyar takalmi. Sai da na ga ƙasan kwano, na ga ƙwayar ta wuce maƙogwaro, sannan na faɗa mata gaskiya, don ranar dai da gaske ita ce.

"Alhamis."

"Kash," ta ce, tana miƙa min kwanon. "Ka sa na rasa ta. Gobe ka tashe ni sahur."